Yadda Na Sa Zogale A Aji Na Uku

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Alhamis a Gusau ba, ni da yanzu nakan birkice gida ina neman tabarauna alhali yana bisa goshina. Abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har sunayen jikoki sai na jero uku kafin in dace da na wanda nake kira. Amma wannan rana tana nan daram. In ta faɗo mini ina cikin cin abinci, sai in tsame hannu.

Lokacin bai fi shekara biyu da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. Gari ya cika da baƙin ma'aikata, kowa da jakarsa ta hannu da matarsa mai son salak. Ni kuwa ina da rumfar kayan gwari da kifi a bakin kasuwa, sai na ga ni ma lokacina ya yi. Na sa aka zagaye ta da kwano, aka shafa shuɗin fenti, na daina ce mata rumfa na koma ce mata kanti. Duk wanda ya ce rumfa, sai na ɗan ja lokaci kafin in amsa masa sallama. Tumatir da tattasai daga Tsafe nake saro su, ganye daga fadamun Bungudu, ga bandar kifin gulbi, ga na ƙanƙara a cikin wani tsohon firji da ke aiki ranar da wuta ta ga dama.

Kada mai karatu ya raina ni, na yi boko. Aji huɗu na yi, kuma na huɗun sau biyu na zauna shi, don haka a nawa ganin aji biyar ne.

Uwar yarana ta rasu shekara uku kafin nan. Ba zan tsawaita a kanta ba, don in na fara ba za mu kai ga abin kunyar ba. Abu ɗaya kawai zan faɗa: babu mai kwaɗa zogale kamarta. Ƙuli-ƙuli daidai, albasa yanka sirara, ɗan man gyaɗa a kai. Bayan rasuwarta na ci gaba da cin kwaɗon kullum da rana, ƙanwata ke aiko mini a kwanon sha mai murfi. Amma tun da na zama mai kanti sai na koma cinsa a bayan firji, kada matar darakta ta gan ni.

A cikin masu sayayya akwai Malama Luba. Ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin mata da yara, ita ke koya wa masu jego abin da za su ba yaro in an fara yaye. Mijinta ya rasu, ita ma kamar ni. Da la'asar take zuwa in ta tashi aiki, farin mayafi, takalmi maras tudu, ba ta taya kaya da hayaniya. Tumatir ma sai ta kai shi hanci ta sunsuna kafin ta zaɓa. In ta ce, "Malam, ina wuni, ya kasuwa?" sai in ji kamar an kawo wuta bayan kwana uku. Na fara yi mata gyara. Gyaran ya yi ta girma har wata rana ya fi abin da ta saya yawa.

Wanda ya fara lura shi ne Bawa, taubashina, mahauci ne, teburinsa na kallon kantina. Tun muna yara Allah ya ɗora mini shi.

"Kai, wanga gyara ne ko lefe?" in ji shi.

Na ce, "Kula da ƙudan namanka."

"Ni dai na ga tsoho ya fara shafa turare don ya sayar da tarwaɗa. In kana so ka faɗa, in kai maka goro. Furfura ba ta jira."

Gaskiya ya faɗa. So nake, aure nake nufi. Amma me zan ce mata? Mace mai takardar shaida, mai karanta Turanci ba tare da ta bi da yatsa ba, ni kuwa mai ƙarnin kifi. Na ƙudura a raina sai na nuna mata cewa ni ma akwai kai, sannan in aika.

Ita ce ma ta ba ni hanya ba ta sani ba. Wata rana tana zaɓen kifi sai ta ce, a wani kwas da suka je an nuna musu hoton kantunan ƙasashen waje. Can, in ji ta, masu sayar da ganye da ɗanyen kifi sukan kafa takarda a jikin kaya, a rubuta abin da kowane abinci yake yi wa jiki, kamar yadda ake yi a bayan gwangwanin madara.

Na ce, "Hukuma ke sa su?"

Ta ce, "Na gwangwani dole ne. Amma na ganye da kifi, an ce ganin dama ne, su ke sa kansu. Kuma abin da ya burge ni, gaskiya suke rubutawa. In abu ba shi da wani amfani sosai, ba su ƙara masa, ko da kayansu ne." Ta yi ɗan murmushi. "Da za a samu mai yi a nan, da na huta da surutu. Matanmu sun fi jin maganar kasuwa bisa ga ta asibiti."

Ni ban ji komai ba sai "abin da ya burge ni". Kafin ta kai bakin titi na riga na zama masanin abinci.

Kwana huɗu na yi ina aiki. Na yanka kwalayen sabulu, na sayi biro mai kauri irin na rubuta suna a buhu, na ari tsinken tsire wurin Bawa don kafawa. Kalmomi kuwa daga bayan gwangwani na kwaso su: bitamin, furotin, da wasu da har yau ban san inda suka dosa ba. Saura abu ɗaya, yaya zan san wane abinci ne ya fi wane? Da mai hankali ne sai ya tambayi Malama. Amma in na tambaye ta, ina burgewar take?

Sai na zauna na yi bincike irin nawa (kuma ina roƙon a saurara, don a lokacin ban ga ɓaraka a cikinsa ba ko ɗaya). Wa ke sayen kabeji da latas? Matan manyan ma'aikata. Yaya wuyan mazansu yake? Ninki uku. Wa ke sayen zogale da rama? Masu turin baro da matan ƙauye. Yaya nasu wuyan? Kamar na zabo. To, ai magana ta ƙare. Bitamin yana inda tsada take.

Mahaifina ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa, don haka na raba kayan kamar taragu. Aji na ɗaya: kabeji, latas, kokwamba da kifin ƙanƙara, wanda na ƙara wa "ɗan ƙasar waje" a ƙasa. Aji na biyu: tumatir, karas, albasa da tarwaɗa. Sai na tuna ta ce gaskiyarsu ce ta burge ta, wato dole a samu wanda ya faɗi, in ba haka ba za ta ce talla nake. Na duba kanti, idona ya sauka kan ƙananan busassun kifin nan da ake aunawa da gwangwani, da kuma zogale. Na ja kwali na rubuta da manyan baƙaƙe:

"ZOGALE. AJI NA UKU. BABU BITAMIN. CIKA CIKI KAWAI. NA ƘAUYAWA DA AWAKI."

Wallahi da na gama sai da na ja baya na dube shi, na ji daɗin kaina. Na ce yau ga ɗan kasuwa mai tsoron Allah, yana kushe kayansa da hannunsa. Ina gama wannan na zaga bayan firji na ci kwaɗona.

Da Malama ta zo ranar Laraba na rufe kwalayen da buhu, na ce mata gobe akwai abin mamaki. Ta yi murna ƙwarai. Ta ce ai Alhamis ce ranar da mata ke kawo yara awo, in an gama za ta zo da su da hantsi su gani da idonsu.

Yanzu sai in gabatar da Inna Hassi. Tsohuwa ce daga Furfuri, ita ke kawo mini zogale duk Litinin da Alhamis da safe, a buhu bisa kai daga tasha. Shekara bakwai muna tare. In ta sauke takan zauna a inuwar kantina ta sha ruwa, ta yi ta ba ni labarin ɗiyarta da ke aiki a nan birni. Ni kuwa ina jin "aiki" daga bakin mai tallan ganye sai na ɗauka aikatau ne a gidan wani Alhaji. Ban taɓa tambayar sunan ɗiyar ba. Shekara bakwai, jama'a.

Ranar ta zo. Na sa farar riga mai aiki a wuya, na kafa hula, na soke biro biyu a aljihu. Kwalaye sun tsaya cirko-cirko a kan kaya. Inna Hassi ta sauke buhunta, na zuba sabon ganye a faranti, na kafa masa nasa. Ta ƙura masa ido.

"Ɗan nan, mi anka rubuta ga nawa?"

Nan ne Allah ya ba ni dama ta ƙarshe, na sa ƙafa na ture ta. Na ce, "Inna, addu'a ce. Cewa na yi Allah ya yi wa mai wannan ganye albarka."

Ta ɗaga hannu biyu. "Amin, amin! Allah shi yi maka kai ma. Yau ba ni komawa da wuri, ɗiyata ta ce in jira ta nan kasuwa."

Na ce ta zauna, inuwa kyauta ce.

Da hantsi sai ga Malama Luba da mata kusan goma sha biyar, kowace da goyo. Mutanen kasuwa suka fara taruwa, Bawa ya bar nama ya zo ya tsaya da wuƙarsa a hannu kamar an gayyace shi. Na gyara murya, na yi maraba da baƙi, har na ce "a madadin hukumar wannan kanti". Hukumar kuwa ni ne da firji.

Malama ta fara karantawa daga aji na ɗaya. Ta karanta na latas: "Sarkin ganye. Bitamin iri-iri. Yana sa wuya ya cika." Na ga leɓenta ya motsa, ta danne. Na ɗauka burgewa ce. Ta karanta na kifin ƙanƙara, ta ɗan yi tari. Tana juyowa wajen aji na biyu sai ta hangi tsohuwar da ke zaune a inuwa, nan take ta rusuna har ƙasa.

"Inna, kin iso? Ina kwana, an zo lafiya?"

"Lafiya lau, Luba. Ke, zo ki gani. Wanga ne mai kantin da nake ba ki labari, mutumin kirki. Dubi nawa ganye, har takarda ya yi mishi. Addu'a ya rubuta min. Karanta da ƙarfi mutane su ji."

Na so in kai hannu in fizge kwalin, amma tsakanina da shi akwai tiren tumatir da mata uku. Na roƙi Allah ya kawo gobara ƙarama, wadda ba za ta ci kowa ba.

Malama Luba ta ɗauki kwalin. Ta karanta a zuci, na ga idonta ya je ƙarshe ya dawo farko. Ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Irin kallon da ake yi wa yaron da aka yaba a gaban baƙi sannan ya yi fitsari a tabarma.

Ta ce a hankali, "Inna, bari sai mun je gida."

Da an bar ta, da ta rufa mini asiri. Amma akwai Bawa. Shi ma ya yi aji uku, kuma ranar ce kaɗai a rayuwarsa karatun ya yi masa amfani. Ya leƙo ta kafaɗarta ya shiga haɗa baƙi da murya irin ta mai shela.

"Zo-ga-le. Aji na uku. Babu bi-ta-min. Cika ciki kawai. Na ƙauyawa... da awaki!"

Inna Hassi ta dubi kwalin, ta dube ni.

"Awaki?" in ji ta. "To amin ɗin da na yi fa, ɗan nan? Ga mi na ce amin?"

Dariya ta fashe. Wata mai goyo har da riƙe ciki. Ni kuwa na fara bayani, wai binciken bai kammala ba, wai kwalin gwaji ne. Ina cikin haka Bawa ya zaga bayan firji, ya fito da kwanon sha, ya buɗe murfi ya ɗaga sama.

"Jama'a, ga abincin shugaban hukuma! Ku gane mini, baƙauye ne ko akuya?"

Kwaɗon zogale ne, har da shaidar yatsuna huɗu a gefe, don ranar da wuri ƙanwata ta aiko, na ɗan taɓa da safe saboda fargaba.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta jira hayaniya ta lafa, sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Malam, da wanga ganye anka yaye ni. Da shi Inna ta kai ni makaranta, tun daga aji ɗaya har na sa farin kaya." Ta miƙo hannu. "Ara mini biro."

Na ba ta duka biyun.

Ta juya bayan kwalin ta yi rubutu, ta kafa shi a kan ganyen. Daga nan ta juya wa matan, ta mai da kantina aji. Ta ɗaga latas ta ce yana da kyau, amma yawancinsa ruwa ne. Ta ɗaga zogale ta ce wannan yana ƙara jini, yana taimakon ido, mai shayarwa ta riƙe shi da kyau. Ta ɗebo ƙananan kifin nan da na kayar tare da shi, ta ce a daka su har da ƙashi a zuba wa yaro a kunu ko fate, suna gina jiki suna ƙarfafa ƙashi, kuma ba sai mai albashi ba. Karas ma ta ce an zalunce shi a aji na biyu. Ina tsaye a gefe da farar rigata kamar wanda aka kawo shaida a kansa. Kafin azahar zogale ya ƙare tas, ƙananan kifi ma haka. Kabeji na nan zaune da kwalinsa, shi da ni.

Da za ta tafi ta ɗauki buhun Inna da kanta. Ta ce, "Tunanin mai kyau ne, Malam. Da ka tambaya." Shi ke nan abin da ta ce.

Bayan sati guda na sayi goro da turmin atamfa na hau mota zuwa Furfuri ba da haƙuri. Bawa ya raka ni, wai don kada in gudu a hanya. Inna Hassi ta shimfiɗa mana tabarma a gindin wata bishiyar zogale da ta fi ɗakinta tsawo, ta shiga ciki, ta fito da akushi cike da kwaɗo.

"Bisimilla. Na awaki ne, amma ku yi haƙuri, shi muke da shi."

Na ci. Tun a loma ta farko na gane ɗanɗanon. Hannunta ɗaya da na uwar yarana, har yankan albasar. Na sunkuyar da kai na ce yaji ne ya shiga mini ido. Inna ta yi dariya ta ce ta yafe, rubutun bai dame ta ba tunda ba ta iya karanta shi, ƙaryar addu'ar ce ta tsaya mata, ita ma ta wuce. Sai Bawa, da ba a sa shi ba, ya gyara zama ya ce ai ɗan'uwansa yana da wata magana game da Malama.

Tsohuwa ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ɗan nan, mai kanti kamarka? Mu nan gidan duk aji na uku muke. Ka nemi kabeji."

Cikin raha ta faɗa, kuma na tabbata da na koma sau biyu ko uku da ta sauko. Ita Malama ma ba ta daina zuwa kanti ba. Takan gaishe ni kamar da, ta sunsuna tumatir kamar da. Sau ɗaya har ta tsaya ta taya ni gyara sauran kwalayen, tana faɗa ina rubutawa, kanta kusa da nawa har ina jin ƙamshin sabulun mayafinta. Ranar ce ya kamata in yi magana. Na buɗe baki sai na ga kwalin nan a idona, na ce mata, "Albasa fa, wane aji?" Ta ce, "Malam, a bar ajin nan haka nan." Ta ɗan jira. Ta ɗauki jakarta.

Kafin damina aka mai da ita Tsafe. Bayan shekara na ji ta auri wani malamin makaranta daga 'Yankuzo. Bawa ya je ɗaurin auren, ya dawo ya ce mini angon ko kusa bai kai ni kyau ba, kuma da shingen zogale ya zagaye gidansa. Ban san wanne ya fi ƙona mini rai ba a cikin biyun.

Kwalayen sun zauna a kantina har na bar kasuwa, na gaskiyar nake nufi, kuma mata sun riƙa tsayawa a karanta musu. Sunan Aji Na Uku kuwa ya bi ni, har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba. Shi wancan kwalin yana cikin akwatina, ƙarƙashin rigunan Salla. Gaba rubutuna ne, manyan baƙaƙe kamar na mai gadara. Baya nata ne, ƙanana a jere: "Zogale. Yana ƙara jini. A ba mai ciki, a ba mai shayarwa, a ba yaro." A can ƙasa ta ƙara wani layi da ban lura da shi ba sai bayan ta bar gari: "Mai kanti ma yana ci."

Nakan fito da shi wani lokaci in sa tabarau, in na same shi. Jikata ta taɓa tambayata ko takardar gado ce. Na ce kusan haka.

Abin da na koya bai da yawa, daidai mai aji biyar. In za ka yi wa abinci hukunci, fara leƙa kwanon da ka ɓoye a bayan firji. In tsohuwa ta shekara bakwai tana ba ka labarin ɗiyarta, ka daure ka tambayi sunanta. In kuma mace ta tsaya ta ɗan jira, don Allah kada ka tambaye ta ajin albasa.